Shaida Ba Ta Jiran Shekara Takwas

A ranar 27 ga Maris, 2002, aka kashe Ya-Na Yakubu Andani II, sarkin Dagomba, a fadar Gbewaa da ke Yendi, tare da mutanensa da dama. Gwamnati ta kafa Hukumar Wuaku ta saurari jama'a. Amma babbar shari'ar ba ta zo ba sai 2010, kuma a Maris 2011 kotu a Accra ta sallami mutum 15 da aka gurfanar, don masu gabatar da ƙara sun kasa kawo hujjar da za ta tsaya da ƙafarta.

Ban ga laifin kotu ba. Alƙali ba ya ɗaure mutum da zato. Inda gizo ke saƙar shi ne bincike, musamman yadda ake ɗaukar bayanin wanda ya gani da idonsa. (Ɗalibi ya lura: a Hausa "shaida" na nufin mutumin da ya gani, tana kuma nufin abin da ya faɗa.)

Masana halayyar ɗan Adam da ke aiki a fagen shari'a sun daɗe da nuna cewa ƙwaƙwalwa ba faifai ba ce. Wanda ya ga tashin hankali cikin firgici yakan riƙe wani abu, wani ya kuɓuce masa. Kullum ya ba da labarin a zaure ko a kasuwa, sai jita-jitar gari ta cike giɓin ba da saninsa ba. Tambaya mai sa wa mutum magana a baki ta fi wannan ɓarna. Bayan shekara takwas, mai gaskiya ma sai harshensa ya rabu biyu. Shi ya sa suke cewa a gana da shaidu da wuri, kowa shi kaɗai, a bar shi ya yi bayani da bakinsa, a naɗi muryarsa.

Wasu za su ce duka ya fi sauri. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya haramta azabtarwa, kuma wanda ya sha wuya zai amsa ko laifin da bai yi ba. Ƙa'idojin Méndez na 2021 sun gina tambayar 'yan sanda a kan fahimtar juna, ban da tilas.

Iyalan mamatan Yendi suna da haƙƙin a yi musu bincike na gaskiya, ba su samu ba. Yau a Bawku, inda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ke cin rayuka, akwai mutanen da suka ga kisa da idonsu, kuma kowace rana labarin gari na shiga cikin nasu.