Wa ke auna iskar da yaron mai walda ke shaƙa?

Akwai wani farin gari da ake kira boraks, wanda masu walda da maƙeran zinariya ke liƙi da shi daga Korgom har Tasawa da Mayayi. A ƙullin leda ake sayen sa, babu rubutu, babu gargaɗi. Maigida ya gasa sandar tagulla ya tsoma a ciki, garin ya kumbura ya narke, harshen wuta ya koma kore. Wanda ya durƙusa yana riƙe da ƙarfen kuwa ɗan koyo ne, hancinsa dab da hayaƙin, idanunsa jajir.

In ya yi tari ko ya yi haɓo, sai a ce hunturu ne. Ba kullum ne hunturu ba! Ƙurar boraks na cin hanci da maƙoshi da ido. Tun 2010 Tarayyar Turai ta sa shi cikin sinadarai masu babban haɗari, bayan gwaji a kan dabbobi ya nuna yana lalata ƙwayar haihuwar namiji, yana cutar da ɗan tayi. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ce kada ƙurarsa ta wuce miligiram 5 a kowace mita-kubik ta iskar wurin aiki. Wasu garuruwan liƙin ma haɗe suke da fuloraid. In sun ji wuta sai su saki iskar boron tirifuloraid, wadda dokar Amurka ta hana ta wuce kashi 1 cikin miliyan ko na ɗan lokaci.

Mu fa? Nijar na da dokar ƙwadago ta 2012 da ta ɗora wa mai aiki nauyin kare lafiyar ma'aikacinsa. To wace rana aka taɓa ganin mai duba aiki a rumfar kwano da na'urar awo? Haraji dai ba ya ɓatan hanyar rumfar. Samarinmu da ke narka zinariya da boraks su ma haka, Allah kaɗai ke tsaron su. Boraks ya fi zaiba sauƙi, gaskiya ne, amma sauƙi ba lafiya ba ne.

Iyayen gida, ku ji tsoron Allah, amana aka ba ku. Ku yi liƙi a fili, iska na kora hayaƙin, ku saya wa yara takunkumi na ƙwarai, su wanke hannu kafin cin tuwo. Hukuma kuma ta hana sayar da garin nan babu suna da gargaɗi da Hausa, ta bi rumfa-rumfa ta duba.