Tambarin Sarki da Bakin Mawaƙi: Darasin Ƙasar Gini

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma tarihin Kano ya danganta masa shigo da kakaki fada, masu mulki a wannan yanki suka san cewa kiɗa yana kaiwa inda shela ba ta kaiwa, shi ya sa tambari, wato gangar da ake bugawa don sarki shi kaɗai, ya zama alamar mulki kamar rawani da sanda. Gwamnatocin da suka biyo bayan 'yancin kai sun gaji wannan fahimta, kuma babu wadda ta yi aiki da ita tuƙuru kamar ta Ahmad Seku Ture a ƙasar Gini.

Da Gini ta ƙi tayin Janar de Gaulle na ci gaba da zama tare da Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, Faransa ta janye ma'aikatanta da tallafinta cikin fushi, aka bar sabuwar ƙasa da ƙabilu masu harsuna daban, Fulani da Malinke da Susu da mutanen yankin daji, waɗanda ake so su ji cewa su al'umma ɗaya ce. Seku Ture ya rusa ƙungiyoyin kiɗa masu zaman kansu da ke kwaikwayon kiɗan rawa na Turawa, ya kafa na gwamnati a lardunan ƙasar, ya saya musu jita da ƙahonin busa, ya mayar da manyan makaɗa ma'aikata masu albashi, tare da sharaɗin su ɗauko waƙoƙin gargajiya su sa musu rigar zamani. Kamfanin faifai na gwamnati an raɗa masa suna Syliphone, daga kalmar da ke nufin giwa a harshen Susu, giwa kuwa ita ce alamar jam'iyya mai mulki.

Dole a yarda cewa shirin ya haifi ɗa mai ido. Ƙungiyar Bembeya Jazz, wadda aka kafa a garin Beyla a 1961, ta ɗauki kirarin da jeli, wato maroƙan gado na ƙasar Mande, suke yi wa gidan Samori Ture, jarumin da ya yaƙi Faransawa har suka kama shi a 1898, ta mayar da shi doguwar waƙa wadda muryar Abubakar Demba Kamara ta kai ko'ina a Afirka ta Yamma. Matashin da makarantar mulkin mallaka ta koya wa raina kayan gidansu sai ga shi yana jin tarihin kakanninsa daga rediyo cikin alfahari. Miriam Makeba, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta soke wa fasfo a 1960, a Konakiri ta sami mafaka da dandali.

Sai dai Seku Ture yana da'awar cewa shi tsatson Samori ne, don haka yabon kaka yabon jika ne, kuma mawaƙin da ke cin albashin jam'iyya ba shi da bakin ambaton sansanin Boiro, inda aka azabtar da fursunonin siyasa masu ɗimbin yawa har lahira. Fodeba Keita, wanda ya kafa ƙungiyar raye-rayen ƙasar kafin ya zama minista, yana cikin waɗanda aka kama a 1969, kuma bai fito da rai ba. A nan tsarin ya gaza na fadar gargajiya, domin makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo, ko da yake yabon ubangida ne sana'arsa, al'ada ta ba shi makamin zambo, wato muzanta mutum a fili, da na habaici, wato suka a lulluɓe, waɗanda yake saukewa a kan 'yan sarki da fadawa, har manya suna shakkar harshensa. Jam'iyyar Gini ta karɓi yabon ta haramta sauran, abin da ya sa kiɗan ya ɗaukaka al'adar jama'a amma ya yi shiru game da azabar da suke sha.

Bayan rasuwar Seku Ture a 1984 tallafin ya yanke, ƙungiyoyi da yawa suka watse, kasakasan da aka naɗi waƙoƙinsu suka yi shekaru cikin ƙura a gidan rediyon ƙasar, har sai da wani shiri na Laburaren Birtaniya ya kwafe waƙoƙi fiye da 9,000 zuwa na'urar zamani. Jami'o'i da gwamnatocin jihohin Arewa da hukumomin Nijar su gaggauta yin irin wannan aiki a kan tsofaffin kasakasan Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da mawaƙan jam'iyyun NEPU da NPC, su adana su cikakku, da yabon da zambon, kafin zafi da gara su cinye su.