Me ya hana Jidda samun jirgin ƙasa na cikin gari?

A Disambar 2024 birnin Riyad ya buɗe jirgin ƙasansa na cikin gari mai layuka shida da tsawon kilomita 176, wanda ya ci fiye da dala biliyan 22 daga baitulmalin Saudiyya. Jidda kuwa, birni na biyu mafi girma a ƙasar, har yanzu tana jira.

Tun a 2013 majalisar ministocin Saudiyya ta amince da shirin sufurin jama'a na Jidda a kan riyal biliyan 45, wanda ya ƙunshi layukan dogo da motocin bas. Sai dai faɗuwar farashin man fetur daga tsakiyar 2014 ta sa gwamnati tsuke bakin aljihu. Aikin Riyad, da aka riga aka bayar da kwangilarsa, ya ci gaba, na Jidda kuma ya tsaya a kan takarda.

Jirgin Haramain da aka ƙaddamar a 2018 yana da tasha a Sulaimaniyya da filin jirgin saman Jidda, amma aikinsa haɗa Makka da Madina ne. Ba ya kai ma'aikaci daga wata unguwa zuwa wata.

Wannan giɓi ya fi shafar tsofaffin mazauna Hindawiyya, unguwar da ta daɗe da zama matattarar Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma. Rusau ɗin da hukumomi suka fara a ƙarshen 2021 a gomman unguwanni ya haɗa da ita, lamarin da ya tilasta wa iyalai da dama neman haya nesa da tsakiyar gari da kasuwanninsa. Wanda ba shi da mota, kullum sai ya biya kuɗin tasi ko ya jira bas.

Da wuya kuɗin tikiti ya biya gina dogo a ko'ina a duniya, don haka gwamnati ce ke ɗaukar nauyin. Gwamnatin Saudiyya kuma tana fama da giɓin kasafi, ga manyan ayyuka irin su Neom da baje kolin duniya na 2030 a Riyad.

Abin da ka iya farfaɗo da shirin shi ne gasar cin kofin duniya ta 2034, wadda Jidda ke cikin biranen da za su karɓi baƙuncinta. Idan an farfaɗo da shi, taswirar layukan ce za ta nuna ko an yi shi ne domin filayen wasa, ko har da unguwannin da talakawa suka koma.