DAGA TEBURIN MALAM: Kuɗin Da Ya Shiga Waya Ba Riba Ba Ne

A wannan wata za mu yi magana da 'yan'uwanmu malamai, da masu ɗinki, da masu girki, da duk wanda ya ke da niyyar koyar da abin da ya sani ta waya domin a biya shi.

Tun watan Maris na 2020, sa'ad da aka rufe makarantu saboda cutar korona, malamai da yawa suka gane ana iya buɗe aji a WhatsApp. Hukumar JAMB kuwa tun 2015 ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta, yara suna neman mai shirya su. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 kuma ya koya wa iyaye tura kuɗi ta waya. Kasuwa dai ta buɗe. Amma iya koyarwa dabam, iya riƙon kuɗi dabam.

Mu kanmu mun taɓa ƙonewa. Mun buɗe ajin lissafi na wata uku, iyaye suka biya duka tun farko. Da muka ga kuɗi suna ta shigowa, sai muka sayi buhun masara, muka sake tayar babur, muka biya bashin mai kanti. A mako na shida waya ta faɗa bokitin ruwa. Kuɗin gyara babu. Kwana tara ba darasi. Ran nan wata gwauruwa mai tuyan ƙosai ta tare mu a hanya, ta gaishe mu da ladabi, ta ce, "Malam, kuɗin yaron nan fa kwasar adashina ce." Ba ta ƙara kome ba, mu ma ba mu sami abin cewa ba. Sai rance muka ci muka gyara wayar.

A ranar muka fahimci abin da ya kamata mu sani tun farko, watau kuɗin da aka biya kafin a yi aiki bashi ne a wuyan malam har ran da ya gama darasi na ƙarshe. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Ga abin da muka koya, ko zai amfani wani.

Na fari, a yi lissafi kafin a yanka farashi. A ce ɗalibai 40 ne, kowa ya biya N3,000 na wata uku. Ya kama N120,000 ke nan, abin faranta rai. To, bari mu cire. Data, N8,000 a wata, watau N24,000. Cajin waya ko man janareta, N15,000. Ajiyar gyaran waya, N15,000. Mutum biyu da za su janye a mayar masu da nasu, N6,000. Saura N60,000, watau N20,000 a wata. In malam yana ba da awa 2 kowane dare, kwana 5 a mako, awarsa ta tashi a kan N500. Wanda ya ga wannan a takarda ya san ko zai ƙara farashi ko zai haƙura. A bar 'yar rara kuma, gama a Janairu na 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100, wanda ya riga ya karɓi kuɗi a tsohon farashi kuwa shi ya ɗauki nauyin.

Na biyu, kada kuɗin aji su kwana asusu ɗaya da kuɗin cefane. A buɗe masu nasu, a raba su kashi uku, a taɓa kashi ɗaya kaɗai a ƙarshen kowane wata da aka koyar. A sami littafi a rubuta sunan mai biya, da rana, da adadi. Kada a sa kowa a aji domin ya turo hoton rasit. Sai an duba an ga kuɗin a asusu. Wanda zai yi aiki da wani suna ban da nasa, ya yi wa sunan rajista a hukumar CAC, gama banki zai nemi takardar kafin ya buɗe asusu da wannan suna. Akwai kuma shafuna irin su Selar da ke karɓar kuɗi su miƙa wa mai saye darasin, amma suna cire ladansu, sai a sa shi cikin lissafi.

Na uku, a rubuta alkawari a fili tun kafin a karɓi kwabo: darasi nawa, a waɗanne ranaku, me za a yi in malam ya yi ciwo, har yaushe mai janyewa zai iya karɓar kuɗinsa. Kada a yi wa kowa alkawarin cin jarrabawa. Wannan ba a hannun malam ya ke ba.

Na huɗu, a sani duk abin da aka tura ta waya zai bazu. Yaro ɗaya ya biya, abokansa goma su samu kyauta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayan malam, amma wa zai kai ɗan maƙwabcinsa kotu? Gara a ɗora farashi a kan abin da ba ya turuwa, wato duba aikin yaro, da gyara masa kuskure, da amsa tambayarsa. Mu ma kada mu ɗauki hoton littafin wani mu sayar kamar namu.

Na ƙarshe ya shafe mu malaman makaranta musamman. A gaya wa hedimasta kafin a fara, kada ya ji a bakin iyaye. Kada a yi aikin waya a lokacin makaranta. Fiye da kome, kada mu rage wa yaran ajinmu mudu da rana domin su zo su sayi cikon da dare. An riga an biya mu domin su, yawancinsu kuwa ba su da waya a gida.

Wanda ya ke shakka, ya fara da yara goma na wata ɗaya, ya ga yadda lissafin zai tsaya. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗan mai ƙosan nan ya gama ajinsa, mun ƙara wa ajin kwana tara a ƙarshe, har yau kuwa uwarsa tana gaishe mu a hanya.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.