Kukan Masaƙu Ya Isa, a Ɗauko Alƙalami

Da kawuna ya rasu, cikin kayan da aka fito da su tsakar gida domin rabon gado akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da ya daɗe a ƙarƙashin gadonsa. Aka fasa kwaɗon ana zaton kuɗi ko takardar fili. Abin da aka tarar shi ne katin shaidar aiki, da katin ƙungiyar ƙwadago, da takardun albashi ƙulli-ƙulli, kowace shekara da nata, sai kuma hoto guda na wasu samari bakwai tsaye a gaban injin saƙa. Ya yi fiye da shekara ashirin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Aka duba aka ce wannan ba dukiya ba ce, aka ture gefe. Kafin in waiwayo bayan kwana biyu, yara sun kai wa mai ƙosan bakin layi rabi, sauran an hura wuta da su. Hoton kaɗai na tsira da shi. Na zagaya dangi kaf, ban sami wanda ya iya faɗa mini sunan ko mutum ɗaya cikin shidan da ke tsaye tare da shi ba.

Ban ga laifin mai ƙosai ba, laifin nawa ne. A gabansa na girma. Ina jin tarin da ke tashinsa da asuba, ina ganin sai an ɗaga murya yake ji, amma ban taɓa zama na ce, "Kawu, yaya aikin nan yake?" ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Duk Arewa haka muke da masaƙunmu: mun ƙware wajen makokinsu, mun kasa rubuta tarihinsu.

Mai karatu, saurari duk wani taro da za a yi a Kaduna kan tattalin arzikin Arewa. Sai wani babba ya miƙe ya ce Allah ya jiƙan Sardauna, a da Kakuri ba ta barci, a da jiniya ke tashin gari. A yi tafi, a ci abinci, a watse. Lokacin zaɓe ya zo, ɗan takara ya yi alkawarin farfaɗo da masaƙu. Tambaye shi mutum nawa suka yi aiki a ciki, daga waɗanne garuruwa suka zo, nawa ne albashin mai tsaron inji, me ya fara kashe kamfanin, sai ka ga ana inda-inda. Wanda bai san cutar da ta kashe uba ba, da me zai yi wa ɗa rigakafi?

Abin da aka sani a dunƙule ba shi da yawa, kuma kowa shi yake maimaitawa. Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead & Sons na garin Rawtenstall a yankin Lankasha ta Ingila. Akoko ta fara saƙawa da audugar da manomanmu suka noma. A shekarun 1960 Nortex ta biyo baya, da Arewa Textiles ta Japanawa, da UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong. Gusau ta sami tata masaƙar, daga baya Funtuwa ma haka, Kano kuma ta cika da su a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. KTL ta rufe a 2002, ta bar ma'aikata ba a biya su haƙƙinsu na sallama ba. Arewa Textiles ta bi sahu. UNTL ta rufe a 2007, kuma ko da aka sake buɗe ta, ba ta koma yadda take ba.

To, wannan tarihin gini ne da injuna da masu hannun jari. Ina mutanen? Ina yaron da ya baro ƙauye a ƙasar Zazzau ko Binuwai ko Filato da 'yar jakarsa, ya yi layi a bakin ƙofa har aka ɗauke shi? Ina matan da suka yi shekaru suna tuwo da shinkafa a bakin masaƙa, suna ba da bashi sai ƙarshen wata? Ina masu gidajen haya na Makera da Nasarawa da Tirkaniya, da masu gyaran keke, da dillalan atamfa da ke jigila zuwa Kantin Kwari? Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya taso, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999, ya yi gwamnan Edo. Tarihinsa a rubuce yake, domin ya yi sama. Waɗanda suka tsaya kusa da shi a gaban inji fa? Su ko jerin sunayensu ba mu ajiye ba.

Kada a ce babu wanda ya taɓa aikin. An taɓa, kuma dole a yaba. Gunilla Andrae da Björn Beckman, mutanen Suwidin, sun fitar da littafi a 1998 kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙun Nijeriya mai suna Union Power in the Nigerian Textile Industry. Paul Lubeck ya yi nasa a 1986 kan leburorin masana'antun Kano. Elisha Renne ta Jami'ar Michigan da Farfesa Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi aiki tare kan masaƙun Kaduna, ita kuma Renne ta bi zawarawa da marayun ma'aikatan KTL ta rubuta Death and the Textile Industry in Nigeria. Madalla da su. Amma duk da Turanci suke, akasarinsu a ƙetare aka buga, kuɗin ɗaya ya isa cefanen gida na kwanaki. Bazawarar da aka zauna a tsakar gidanta aka ɗauki maganarta ba za ta iya karanta abin da aka rubuta a kanta ba. Wannan gazawa tamu ce, mu da muke da harshen da take ji, muka naɗe hannu.

Bari in fara da jami'o'inmu. Shekara da shekaru sassan tarihi suna yaye ɗalibai da kundaye kan sarautar gari kaza, da asalin masarauta kaza, da jerin hakiman gunduma kaza. Ba na raina wannan. Amma an mai da tarihi tamkar kayan fada: in ba ka da rawani, ba ka da labari. 'Yan kundayen da aka yi kan masaƙu kuwa suna kan kanta suna shan ƙura, an ba da maki, an rufe babi. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan cikin Kaduna, Gidan Arewa yana nan, tsoffin fitowar New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo suna nan, hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ma a Kaduna take. Daga kowannensu zuwa Kakuri tafiyar Keke Napep ce. Nisa bai hana ba, raini ne ya hana.

Sai mu marubuta. Muna rubuta attajiri mai jirgin sama, da gidan da ke da falo bakwai, da soyayyar Dubai. Ga labari a ƙofar gida mun tsallake: magidancin da ya tafi aiki ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya koma acaɓa da furfura, yarinyar da aka cire daga makaranta domin garatutin uba bai fito ba, Musulmi da Kirista da suka yi shekaru suna karɓar juna a inji guda, ɗaya ya sauka aikin dare ɗaya ya hau na safe, suna yajin aiki tare, har rikicin 2000 ya zo ya sa kogi ya zama iyaka tsakaninsu. Wane ƙagaggen labari ne ya fi wannan nauyi?

Na san abin da wani zai ce: tarihi ba ya cika ciki, mutanen nan kuɗinsu suke nema, ba littafi ba. Gaskiya ne kuɗinsu suke nema, kuma a biya su shi ne farko. Amma da me ake tabbatar da haƙƙi in ba da takarda ba? Ranar da aka ce yau za a biya, abin da za a tambaya shi ne lambar ma'aikaci, da shekarar da aka ɗauke shi, da matakin albashinsa. Maraya da aka hura wuta da takardun ubansa, kuma gara ta cinye rajistar kamfanin, da me zai tsaya? Kowane fayil da ruwan sama ya jiƙa a ofishin da rufinsa ya yaye, haƙƙin wani gida ne ya narke. Duk wanda ake bi bashi kuwa, babu abin da ya fi masa daɗi irin mantuwar mai bin sa.

Akwai dalili na biyu. Saboda ba a yi binciken a fili ba, kowa ya zaɓi dalilin rushewar da zai wanke shi. Jami'in gwamnati ya ce 'yan fasa-ƙwauri ne. Ɗan kasuwa ya ce rashin wutar lantarki ne da tsadar baƙin mai. Manaja ya ce atamfar Sin ce. Duk akwai ƙamshin gaskiya. Amma KTL ta fara tangal-tangal tun farkon shekarun 1980, kafin atamfar Sin ta cika Kwari. Noman auduga ya riga ya ja baya. A 1986 tsarin SAP ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa waje suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Wanne ne ya yi targaɗe, wanne ya yi karaya? Nawa ne rabon tsoffin injuna da ba a sauya ba, nawa ne rabon shugabannin da aka naɗa don siyasa? Amsar tana cikin littattafan lissafi, da rahoton zaman hukumar gudanarwa, da bakin makanikan da suka riƙa cire ƙarfe daga inji ɗaya suna raya wani. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin auduga da masaƙu da ɗinki, ga kuma Kakuri yadda take. Magani ba tare da sanin cuta ba, asarar kuɗi ne kawai.

Abin kunyar ma shi ne, can inda aka kawo mana injunan ba haka suka yi ba. Su ma masaƙunsu sun mutu. Amma a Helmshore, kusa da Rawtenstall ɗin nan, tsoffin masaƙu sun zama gidan tarihi. Masaƙar Queen Street a Burnley ta rufe a 1982, aka adana ta da injunanta, 'yan makaranta suna zuwa kallo. Mu kuwa da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rininmu suna tufatar da ƙasashe har ƙetaren Sahara, mu da tun kafin ƙungiyar BCGA ta Manchester ta kafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa muke da mazari da ƙoshiya, mun bar namu wa ciyawa da 'yan jari-bola.

Ba sai an jira gwamnati ba, ko da yake wajibi ne a matsa wa gwamnonin Arewa 19, masu KTL, su kwashe abin da ya rage na takardunta su miƙa wa Gidan Arewa kafin damina ta ƙarasa su. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ta isa fara aikin. In akwai tsohon ma'aikacin masaƙa a gidanku ko layinku, je ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka kunna rikoda. Tambaye shi shekarar da ya shiga, da wanda ya yi masa hanya, da sashen da ya zauna, kaɗi ne ko saƙa ko rini. Tambaye shi albashinsa na farko da abin da ya saya da shi, da sunan da suke kiran kowane inji, da yadda ake sallah da azumi a aikin dare, da ranar da aka rufe ƙofa. Kada ka manta da matarsa, domin ita ta san yadda tukunya ta kwana. Ɗauki hoton kati da takarda gaba da baya, ka rubuta sunayen mutanen da ke cikin kowane hoto tun mai ganewa yana raye. Sannan ka rubuta shi da Hausa, ka aiko mujalla irin wannan.

Yaron da ya shiga KTL a 1957 yana ɗan shekara ashirin, in yana raye yau ya doshi casa'in. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa tafiyar tasu ta riga ta kama. Ni na makara da kawuna, Allah ya jiƙansa. Hoton yana nan jikin bangon ɗakina, samari bakwai, ɗaya kaɗai na san sunansa.