Taƙaitattun Labaran Rayuwa na Natsume Soseki da Abin da Fassarar Ingilishi Take Ragewa

Akwai ra'ayin da ya yi tasiri a tsakanin ɗaliban adabi cewa tarihin kai bai cika ba sai marubuci ya jero rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa furfura. Wani ɗan littafi na marubucin ƙasar Japan, Natsume Soseki (1867-1916), ya isa hujja a kan raunin wannan ra'ayi.

Littafin shi ne Garasudo no Uchi, ma'ana "daga cikin ƙofar gilashi". Guntayen labarai ne guda 39 da jaridar Asahi ta buga a jere tsakanin Janairu da Fabrairun 1915. Sammy Tsunematsu ya fassara shi zuwa Ingilishi da sunan Inside My Glass Doors, aka buga a 2002. Soseki ya rubuta su ne yana zaune a ɗakin karatunsa a Tokiyo, bayan shekaru yana fama da gyambon ciki, cutar da ta yi ajalinsa a shekarar da ta biyo baya.

Bai bi jerin shekaru ba. Yau ya yi zancen mutuwar karensa, gobe ya kawo wata baƙuwa da ta zo da tambaya a kan rayuwa da mutuwa, jibi ya koma ƙuruciya. A nan ne littafin ya fi nauyi. An haife shi iyayensa sun manyanta, aka ba da shi riƙo yana jariri. Da ya dawo gida yana yaro, ya ɗauka iyayensa kakanninsa ne, har sai da wata mai aikin gidan ta raɗa masa gaskiya cikin dare. Abin lura shi ne bai zargi kowa ba. Ya nuna cewa abin da ya faranta masa rai shi ne kirkin matar, duk da ya manta sunanta da kamanninta. Shafi ɗaya irin wannan ya fi babi goma na jerin muƙamai bayyana ko wane ne mutum.

Wani zai iya cewa irin wannan rubutu ɓoye-ɓoye ne, domin marubucin ya zaɓi abin da zai nuna. Zargin yana da tushe, kuma Soseki da kansa ya amince a guntun ƙarshe cewa bai fallasa munanan halayensa ba. Sai dai babu tarihin kai da ba zaɓe ba ne. Bambancin kawai, mai doguwar hikaya yakan bar mai karatu da zaton ya ji komai, shi kuwa mai guntaye ya nuna giɓin a fili.

Matsala ta biyu ta shafi fassara. Harshen Japananci yana da wakilan suna da dama na mutum na farko, irin su watashi da boku da ore da wagahai, kowanne da matsayin da yake ɗora mai magana. A labaran jinyarsa na 1910 zuwa 1911 Soseki ya yi amfani da yo, kalmar rubutu mai nauyi. A wannan littafi kuwa ya zaɓi watashi, mai sauƙi da kusanci. Ingilishi yana da kalma ɗaya tak ga dukkansu, don haka wannan sauyin murya ya ɓace. A rubutun da jigonsa shi ne "ni", asarar ba ƙarama ba ce.

Ɗalibin Hausa ya fi kowa cancantar gane wannan, domin ya san tazarar da ke tsakanin "kai" da "ku" idan ana magana da babba, tazarar da Ingilishi yake shafewa. Ya kuma san riƙo da kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya, waɗanda za su taimaka masa ya fahimci shirun da ke cikin labarin.

Saboda haka ya dace a karanta fassarar, domin da babu gara ba daɗi. Amma duk wanda zai yanke hukunci a kan salon Soseki ta hanyarta, wajibi ne ya bayyana cewa muryar mafassari ya nazarta tare da ta marubucin.