Dokar Naƙasassu: Ina Tanadin Gobe?

A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna bambanci ga naƙasassu. Dokar ta ba su 'yancin ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara gine-ginen hukuma yadda gurgu da makaho za su iya shiga. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024, amma duk wanda ya zaga ma'aikatu da makarantu da kotuna zai tarar da yawancinsu matakala ce kaɗai hanyar shiga.

Babu shakka doka ce mai kyau. Abin da ya rage shi ne tanadin kuɗi da ma'aikata, domin masu buƙatar wannan hidima ƙaruwa za su yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata naƙasa. Jama'ar Nijeriya ta haura miliyan 200, Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tana hasashen za ta wuce miliyan 350 zuwa 2050. Ko da rabin wancan ƙiyasi aka ɗauka, ana maganar miliyoyin mutane ne.

Ana iya hango inda buƙatar za ta fito. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar shan-inna daga Afirka a 2020, amma yaran da ta shanye wa ƙafafu lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003 yanzu sun haura shekara 20, kuma sana'a da aiki da kekuna suke nema. Rikicin Arewa maso Gabas tun 2009 ya bar mutane masu yawa da yankakkun gaɓoɓi, haɗurran mota kuma kullum suna ƙara wasu. Yayin da tsofaffi ke ƙara yawa, yanar ido da shanyewar ɓarin jiki za su ƙaru. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da mutum miliyan 1 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar ana iya hana ta ko warkar da ita.

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Jami'in tsare-tsaren da bai san yawan kuramen da ke ƙaramar hukumarsa ba, ta yaya zai san yawan ajujuwa da malaman da zai nema wa kuɗi? Wajibi ne ƙidaya mai zuwa ta yi tambaya filla-filla a kan gani da ji da tafiya da tunani, kuma jihohi su buɗe rajista a kowace gunduma.

Na biyu, kuɗin da doka ta killace. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, Dokar Lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 domin kiwon lafiya a matakin farko. Hidimar naƙasassu ta cancanci irin wannan kaso, maimakon jiran abin da ya ragu a kasafin kowace shekara. Masu cewa baitulmali ba zai ɗauka ba su tuna cewa tun ran gini ran zane. Gangarar keke da aka sa a zanen gini ta fi arha bisa ga wadda za a fasa bango a yi daga baya, aikin yanar ido kuma ya fi sauƙi bisa ga ciyar da makaho da cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora.

Na uku, horar da ma'aikata. Kwalejin Horar da Malaman Naƙasassu ta Tarayya da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da sashen ilmi na musamman na Jami'ar Jos ba za su wadatar da jihohi 36 ba. Haka nan Asibitin Ƙashi na Dala da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba za su ɗauki nauyin Arewa duka ba. Malami yana shekara 3 kafin ya sami takardar NCE, likita kuwa shekara 6 kafin ya fara neman ƙwarewa. Saboda haka ƙwararren da za a buƙata a 2035, bana ya kamata a ba shi gurbin karatu da tallafi.

Rabon shinkafa da kekuna a ranar biki ba zai maye gurbin tsari ba. Manyan sakatarori da daraktocin kasafi su ne ke rubuta abin da gwamna zai gabatar wa majalisa. Ya kamata kowace jiha ta fitar da shiri na shekara 10 mai ɗauke da yawan mutane da ma'aikata da kuɗi, 'yan majalisa kuma su ƙi amincewa da duk kasafin da babu wannan layi a cikinsa.